Motar Mushe Lawali a Kan Turame Huɗu

Jama'a, wanga labari ba a bakin wani na ji shi ba, ni ya faru da, kuma wallahi da ana iya sauke shi daga kai a aza ma wani da na sauke tuni. Yau shekara shida ke nan da ƴan watanni. Lokacin ina dillancin babura da tsofaffin motoci tsakanin tashar Gazawa da Cadawa, dillanci dai irin na wanda bai da ko dala, daga baki sai waya. Lakol, makarantar boko ke nan, ban ko kai jarrabawar sartifika ba na gudu, daga nan ba abin da ban taɓa ba, kabu-kabu, saida esansi wato fetur a kwalba, karen mota, ɗaukar buhu. Ban taɓa cika wata uku wuri guda ba. Shekarar nan kuma abu ɗaya ke raina, in samu kuɗɗin mota in hau arewa wurin haƙar zinariya, don abokaina duk sun tafi sun bar ni.

Ran kasuwar Gangara ne wani mutum ya jawo ni gefe, Idi sunanshi, manomi, ya girme ni sosai. Ya ce mani suna da mota gida suna son saidawa, tsohonsu ya rasu wata huɗu da suka wuce, bana hatsi bai yi ba, ga iyali da yawa. Na ce wace iri? Ya ce kat-san-kat, ƙirar nan ta zamanin kakanni. Na yi dariya na ce Malam Idi ai wagga sai masu sayen ƙarfe a kilo. Ya ce ka dai zo ka gani.

Na goya shi a babur muka shiga ƙauyensu, can bayan Gangara, ba zan faɗi sunan ba. A ƙuryar gida akwai wani ɗakin ƙasa mai faɗi, ƙofarshi ƴar ƙarama, sai ka duƙa. Muna shiga na tsaya cik. Ku yarda da ni, na ga motoci, amma ban taɓa ganin irin wagga ba. Ruwan madara ce, fentinta na asali, ko ƙwarzane babu. An ɗaga ta an aza kan tsofaffin turame huɗu da aka kife, tayoyinta ba su taɓa ƙasa. Kujerunta jajaye ba tsaga ko guda, rediyonta, madubanta, fitilunta, har ƴar jakar kayan gyara da ta zo da ita daga kamfani, komi shina nan. Na leƙa kwantar, agogon nan mai ƙirga tafiya, na ga dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu da ƴan kai. Motar da ta girmi uwata. Sai na lura an rubuta lamba da gawayi a bango, an bi ta an sake bi har ta yi kauri, na gwada, ita ce daidai da ta kwantar.

Na ce to ta ina ta shigo? Idi ya ce ba shigowa ta yi ba, ɗakin aka gina mata tana ciki.

Kafin in sake magana sai na ji murya daga bakin ƙofa. Mahaifiyarshi ce, Inna Kulu, tsohuwa tukuf, farar yana ta rufe mata idanu, tana dafe da bango. Ta ce, "Idi, wa ka kawo?"

"Dillali ne, Inna."

"Ka gaya mishi ba tamu ba ce?"

Sai ita ta ba ni labarin a tsaye. Wai tun tana amarya aka kawo wani malamin lakol garin, Mushe Lawali, don Mushe ake kiran malaman lakol, mutumin gabas, ya sauka gidansu, mijinta Malam Barmo shi ne mai masaukinshi. Motar tashi ce, bai daɗe da sayenta ba. Wata damina aka aiko mishi mahaifiyarshi ba lafiya, gulbi kuwa ya cika, mota ba ta ƙetarewa, sai ya miƙa ma Barmo makulli ya ce ka riƙe mani, kwana goma zan yi. Ya rubuta lambar kwantar a bangon zaure cikin wasa, ya ce in ka hau zan gane. Ya nuna mishi yadda zai rinƙa murɗa maniwel, ƙarfen nan da ake zurawa ta gaba a juya inji da hannu, don kada inji ya kame. Ya ƙetare ruwa ana riƙe mishi jaka. Shi ke nan, ba shi ba labarinshi. Barmo ya bi sawu har sau biyu, ya sa an rubuta wasiƙu, ba amsa. Da ya ga rana da ruwa za su ci ta, ya gina mata ɗaki, ya kwafe lambar nan a sabon bango duk da bai san karatun boko ba, zana ta ya yi kamar yadda ake zanen ƙwarya. Kuma tun daga ranar, duk Juma'a in an sauko masallaci, sai ya ɗebi ruwa a ƙwarya ya goge ta tas, ya murɗa maniwel sau bakwai, ya rataye tsumman a madubi. Shekara arba'in da wani abu, bai taɓa zama cikinta ba.

Ta ce, "Ran jana'izarshi, da liman ya tambaya ko akwai ajiyar wani a hannun mamaci, ina daga cikin gida ina saurare. Duk ɗiyana suka yi shiru. Aka binne shi da kayan mutane a wuya."

Idi ya ce, "Inna, mutumin nan ko ƙashinshi ya zama ƙasa. Mu da ke da rai fa? Motar za mu dafa mu ci?"

Ni dai gaskiya kunnena bai wurinsu, idona na kan mota, ina lissafin la'adata. Na ɗauki hotuna na watsa ma mutanena. Kwana biyu wani Alhaji mai fataucin hatsi a Gidan Rumji ya kira ni, ya ce mahaifinshi ya taɓa yin irinta sak, cikinta aka kai shi lakol ranar farko, ya daɗe shina nema. Ya zo da kanshi, ya zagaya ta, ya shafa, na ga idonshi ya kawo ruwa. Bai ja ciniki ba. Abu guda ya ce, takardar motar sunan Lawali ke jiki, don haka shina son takardar saidawa daga hannun Lawali ko magadanshi, shi ba ya son rigima.

To nan ne na yi abin da na yi. Na ce mishi ai Mushe na nan da rai, tsufa ne kawai ya kwantar da shi can gabas, zan sa a kai mishi takarda. Na tafi wurin wani mai buga takardu, ya rubuta mani cewa ni Lawali na saida motata da yardata. Aka zo wurin sa hannu, na duba hagu na duba dama, na danna babban yatsana cikin tawada na dangwala ƙarƙashin sunan. Malamin lakol guda da dangwale, ko wannan bai sa na ji kunya ba. Ni a ganina takarda ce kawai.

Muka fasa bango ta gabas. Na kawo makanike, ya sa sabon batir, ya wanke tanki, ya canza mai da ƴan robobi, muka ara mata tayoyi don tafiya, nata na asali muka jera a kujerar baya don Alhaji ya ce ko ƙusa kada a yar. Makullin da muka yi aiki da shi na biyu ne, a aljihun motar muka same shi, don Idi ya ce na farko, wanda tsohonsu ke ratayawa a wuya, an neme shi ranar wankan gawa ba a gani ba. Bugu uku ta tashi. Makaniken ya ce shi bai taɓa jin inji mai lafiyar wanga ba. Da za mu fita Inna Kulu na zaune kan tabarma na ce Inna mun tafi, ta juya mana baya.

Ni na tuƙa ta, Gazawa, Agiye, Cadawa, na ratsa Maraɗi da Tibiri, ko'ina yara na bi da gudu, tsofaffi na ɗaga hannu. Ina jin daɗi ina kallon lambar kwantar tana juyawa. Na damƙa ma Alhaji, ya sa ta cikin wani shagon ajiyar hatsi da ya share mata, mai ƙofar ƙarfe, na karɓi la'adata na dawo. Sai dai abu guda, tawadar nan ta ƙi fita daga yatsana. Na sa sabulu, na sa toka, na sa esansi, tana nan shuɗiya kamar yanzu na dangwala.

Ina shirin tafiya arewa, kwana goma sha biyu da kai motar, sai ga kiran Alhaji. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba.

"Ɗan Gazawa, wa ka ba makullin shagona?"

"Ni Alhaji? Ina na ga makullin shagonka?"

Ya ce Juma'ar farko ya dawo masallaci ya tarar an goge mota, ya ɗauka cikin iyalinshi ne wani ya yi mishi gwaninta, ya tambaya kowa ya ce ba shi ba. Juma'a ta biyu ya canza kwaɗo, ya sa makullin a aljihu ya tafi salla da shi. Ya dawo ya buɗe, mota na sheƙi, ƙasa da ɗigon ruwa, ga wani tsohon tsumma jiƙe rataye a madubi, ga maniwel zure a gaba, shi kuwa a but, can bayan motar, ya bar shi. Ya ce ka zo Juma'a mai zuwa mu tsaya tare, in wasa kake mani da wani, zan gani.

Na tuna maganar Inna, amma na ce ma raina ƙila Idi ne ke neman a ƙara mishi wani abu. Na je. Muka duba shago tare kafin salla, har na shafa yatsa a gilashi na ga ƙurar dusa ta kwanta. Alhaji ya kulle, muka tafi masallaci. Da aka sauko, wasu baƙi suka tare shi a ƙofar gida, ya ce in yi gaba shina zuwa.

Rana tsaka ce jama'a, wajen ƙarfe biyu da rabi, mutane na wucewa da dardumansu a kafaɗa, mai kankana na kiran ciniki a bakin hanya. Na iso na tarar da wani tsoho tsugune a inuwar shagon, shina matse tsumma cikin ƙwarya. Ɗan siriri, farar riga ƴar shara duk ta sha wanki, hular saƙi, ƙafarshi da kaushin noma. Ƙofa kuwa a kulle, kwaɗo na rataye. Na yi sallama ya amsa, ya ɗago ya dube ni, ya miƙe a hankali shina dafa gwiwa, ya ba ni hannu. Hannun da sanyi, amma na ce ai ruwa ya taɓa. Bai sake ni ba, sai ya juya hannuna ya kai babban yatsana kusa da idonshi ya daɗe shina kallo. Sai fuskarshi ta washe.

Ya ce, "Mushe. Ashe ka dawo."

Na buɗe baki in ce ba ni ba ne, sai ya riga ni.

Ya ce, "Kwana goman naka ya yi tsawo, Mushe. Ya mai jikin? Allah ya sa ka tarar da ita." Sai ya sunkuyar da kai kamar yaron da ya yi laifi. "Ajiyarka tana nan. Ban taɓa hawa ba, Allah ne shaidata, ko zama ban yi ciki ba. Amma akwai abin da zan gaya maka kafin ka gani da idonka. Lambar ta motsa. Na duba, ba ta yi daidai da wadda ka rubuta ba. Ban san yadda aka yi ba. Ka yafe mani."

Ku ji fa. Ni na tuƙa ta, ni na yi ƙarya, ni na dangwala, shi ne ke roƙona gafara. Na rantse da wanda raina ke hannunshi, da duka ya rufe ni da shi da ya fi mani sauƙi.

Ya sa hannu a wuya ya ciro wata tsirkiyar fata ta yi baƙi don tsufa, da makulli a jiki, ya sa mani a tafi ya naɗe yatsuna a kai. Ya ce, "Ka duba kayanka. In sun cika ka ce ka karɓa. Na gaji, Mushe, ina son in kwanta."

Na sha tambayar kaina me ya kamata in yi a wurin. Wani malami daga baya ya ce da na faɗi gaskiya, wani ya ce da na yi ta'awwuzi na juya. Su ba su ga idon tsohon nan ba. Ba tsoro kaɗai ba ne, ban iya ce mishi a'a ba. Na ji bakina ya ce, "Sun cika, Baba. Lambar ba laifinka ba ne. Na karɓa."

Ya sauke wani dogon numfashi, ya ce alhamdu lillahi, ya zubar da sauran ruwan a gindin bango, ya kife ƙwaryar, ya bi ta lungun shagon. Daidai nan Alhaji ya iso shina kaɗa makullai, ya ce da wa kake magana? Na nuna lungun. Lungun nan ba ya ɓullewa, katanga ce a ƙarshe, ba kowa sai wata akuya kwance. Ƙwaryar kuwa ga ta nan kife, ƙasa jiƙe. Ya buɗe shago, mota na ɗigar ruwa, maniwel na zure.

Nan na zauna a ƙasa na gaya ma Alhaji komi, har dangwalen. Na ɗauka jandarma zai kira. Sai ya ce, "Ka cuce ni, ka cuci kanka. Ku ɗauke ta daga gidana." Ya yi mana mutunci ƙwarai, abin da Idi ya riga ya sayi hatsi da shi cikin kuɗɗin ya ce ya bar ma marayu, sauran aka mayar, ni kuma na saida babur ɗina na mayar da la'ada. Takardar ya yaga ta a gabana. Na roƙi a aza motar kan babbar mota, don ban son lambar ta ƙara ko ɗaya.

Da muka isa ƙauyen na je na durƙusa gaban Inna Kulu na sa mata makullin a hannu. Ta shafa tsirkiyar, ta bi ƙullin da yatsa, ta ce, "Ni na yi wanga ƙulli, da cikin Idi." Ba ta yi kuka ba. Ta ce me ya ce maka? Na gaya mata. Ta ce kai kuma me ka ce? Na ce na ce na karɓa. Ta miƙo mani makullin.

"To ai ka karɓa, ɗana. Shi ya sauke. Yanzu a wuyanka take har mai ita ya zo."

Washegari na duba yatsana, tawada ta fita fes.

Muka mayar da ita kan turamenta, muka sa mata tayoyinta, muka ɗinke bango. Na ɗauki gawayi na rubuta sabuwar lambar ƙarƙashin tsohuwar da mummunan rubutuna, na sa sunana a gefe, don duk wanda ya zo karɓa ya san kilomet ɗin da suka ƙaru nawa ne, ba na Malam Barmo ba. Na kama ɗaki a Gazawa, ina ƴan buge-bugena, duk Juma'a in yi salla a ƙauyen in ɗebi ruwa in goge ta, in murɗa maniwel sau bakwai.

Ba zan ɓoye muku ba, a shekara ta biyu na gaji. Abokaina na turo hotuna da sababbin babura, ni ina wankin motar da ba ta zuwa ko'ina. Wata Alhamis na ɗaure jaka ban gaya ma kowa ba, na hau mota, har na kai Damagaram ina jiran ta Agadas. Juma'a ta same ni a tasha. Ban ga komi ba, ban ji komi ba, amma abinci ya ƙi shiga, ran Asabar na juyo. Na tarar da Inna zaune bakin ɗakin motar. Tun kafin in yi sallama ta gane takuna.

Ta ce, "Jiya bayan masallaci na ji ana murɗa maniwel. Na ɗauka kai ne, na ce sannu da aiki. Aka amsa mani." Ta juyo da fararen idanunta wajena. "Na shekara hamsin ina jin muryar nan, ba zan ɓata ta ba. Ɗana, don Allah ka bar shi ya kwanta."

Tun ranar ban sake fashi ba, ko da zazzaɓi, ko da ruwa. Inna ta rasu bara, ran jana'izarta ni na miƙe gaban liman na faɗa da ƙarfi cewa akwai ajiyar wani a gidan kuma tana wuyana, kowa ya ji. Na je gabas sau uku tsakanin Asabar da Alhamis ina cigiya, har yau ban samu wanda ya san shi ba. Masu kuɗɗi sun zo sun taya, har daga ƙetaren iyaka, in ce musu ba tawa ba ce.

Ban san abin da na gani a Gidan Rumji ba, ban kuma ce muku na sani ba, Allah shi ya bar ma kanshi sani. Abin da zan ce kawai, ƴan'uwana dillalai, duk kayan da za ku taya ku tambayi na wane ne tun asali, kuma kada wanda ya kuskura ya sa yatsanshi ƙarƙashin sunan da ba nashi ba, don ba ka san wa ke jiran mai sunan ba. Ku kuma da kuka karanta, ku tambayi tsofaffinku. In akwai gidan da aka taɓa yin wani malamin lakol Lawali, da ya baro motarshi yamma wata damina ya ce kwana goma zai yi, ku ce ma ɗiyanshi ko jikokinshi su zo. Kayansu sun cika, lamba ce kaɗai ta motsa, kuma ni na motsa ta. Ina son in ji wani ya ce mani ya karɓa tun ina da rai, don na ga yadda gajiyar take in aka wuce da ita can.